Wanda ya kwanta, wa ke leƙa shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya da daddare a teburin mai shayi nan Garwa na tarar da samari sun duƙufa kan waya ɗaya suna ta ƙyaƙyata dariya. Da na leƙa, ashe tsofaffin 'yan barkwancin nan ne, siriri da mai tumbi, Laurel da Hardy, da muka sha kallo muna yara. Ni kam dariyar ba ta zo mini ba.

Siririn, Stan Laurel, an haife shi a Ingila a 1890. Daga 1927 aka haɗa shi da Oliver Hardy a Amurka, suka yi fim sama da ɗari tare. A 1956 ɓarin jikin Hardy ya shanye, magana ta ɗauke, yana kwance har ajali ya cim masa a watan Agustan 1957. Tun daga nan Laurel bai sake fitowa a fim ba. An kawo masa tayi, ya ƙi. Amma bai ajiye alƙalami ba: yana zaune a ɗan gidansa yana rubuta wasan mutum biyu, ga abin da zai faɗa, ga abin da Hardy zai mayar masa, alhali ya san babu mai yin wasan. Haka har ya mutu a 1965.

Wannan fa ba wanda ya zauna gaban malam ba ne. Mu kuwa tun muna makarantar allo ake karanta mana haƙƙin musulmi a kan ɗan uwansa: amsa sallama, gaida mara lafiya, raka jana'iza, amsa gayyata, addu'a ga wanda ya yi atishawa. Mun haddace tsaf.

Da kaina zan fara. Shekara goma sha ɗaya muna rumfar ɗinki ɗaya da wani bawan Allah, kekensa jikin nawa, kwano ɗaya muke sa hannu. Bayan ƙaramar Sallah hawan jini ya kayar da shi. Na je sau biyu, sai ɗinkin babbar Sallah ya taso, na ce sai an sarara. Yau wata biyar. Kekensa na lulluɓe da buhu, har na fara jibga yadin mutane a kai. Astagfirullah.

Allah Ya yafe mana, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Yau in an idar da La'asar zan ja ƙofar rumfa. Ɗansa ya ce kunun gyaɗa kaɗai yake iya haɗiya, na sa an dama.