Kon-Bif Ɗin da Ya Gagari Haƙoran Kawu

Duk shekara idan Maris ya kama, shagunan abinci na Niyok sai su cika da wani nama ja-ja a cikin leda, ana ta rububinsa saboda bikin Sen Patrik, bikin mutanen ƙasar Ailan na ranar 17 ga wata. Sunansa kon-bif. Ni kuwa kon-bif ɗin da na sani shi ne na gwangwani, wanda ake buɗewa da ɗan makulli a juye cikin taliya. Wannan daban ne: gunduma guda ce ta naman ƙirjin sa da ta kwana kwanaki a ruwan gishiri. Da yake na ledar ba yankanmu ba ne, sai na ce bari in sayi ɗanyen ƙirji wurin mahaucin halal na unguwarmu a Buronks in haɗa nawa. Uwargida ta ce, "Maigida, kai da ko shayi sai ka tambayi inda sukari yake?" Na ce mata girkin Turawa lissafi ne, ni kuma lissafi bai taɓa ka da ni ba.

Tun daga sunan aka fara ka da ni. Na ɗauka "kon" ɗin masara ake nufi, har na sayo gwangwani biyu. A bakin lif na haɗu da wata tsohuwa maƙwabciyarmu wadda kakanninta daga Ailan suka zo, ta leƙa ledata, ta yi dariya har da riƙe bango. Wai kalmar tana nufin manyan ƙwayoyin gishirin da ake barbaɗa wa nama a da don kada ya lalace. Ta ƙara da cewa da kabeji ake cin kon-bif, amma a Ailan da naman alade ake cin kabejin. Sai da mutanensu suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 suka tarar da ƙirjin sa mai araha wurin mahauta Yahudawa, suka koma kansa. Na gode wa Allah da aka canza dabbar kafin girkin ya iso gidana. Masarar tana nan a kabad har yau.

Ƙirjin sa kashi biyu ne. Akwai shimfiɗaɗɗe mai ƙarancin kitse, wanda yake yankuwa sala-sala da kyau, akwai kuma mai tudu, wanda kitse ya ratsa shi. Cikakkensa yakan kai kilo 5 zuwa 7. Na ɗauki shimfiɗaɗɗen, kilo 2 da kwata, na sa mahauci ya feɗe kitsen tas. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Ya kamata in ji tsoron tambaya ta biyun. Ana barin kitse kamar kaurin rabin santimita a sama, shi ne yake rage wa naman bushewa.

Ruwan jiƙon ba wahala: lita 4 na ruwa, giram 300 na gishiri, giram 100 na sukari, tafarnuwa ƙwaya 5 a daddake, masoro, kanumfari, citta, guntun kirfa, irin mastad da na koriyanda, da ganyen bay 3. A tafasa lita 1 da kayan duka har gishirin ya narke, a ƙara sauran ruwan, a jira ya huce sarai kafin nama ya shiga. Sai abu na ƙarshe, wanda takardar girkin da nake bi ta kira gishiri mai ruwan hoda. Na shiga shago na ga gishirin Himalaya, launinsa hoda-hoda kamar kwalliyar amarya, na ce ai ga shi. Ba shi ba ne. Wanda ake nufi gishirin adana nama ne mai lamba 1, wanda kashi 6.25 cikin ɗari nasa sinadarin naitirait ne, an rina shi ne don kada wani irina ya zuba shi a miya. Shi ke ba wa naman jan launi da ɗanɗanon da aka san shi da shi. Ba a ɗibansa da ido, da sikeli ake aunawa: giram 2.5 ga kowane kilo na nama da ruwa a haɗe, wato kamar giram 15 ga nawa. Wuce haka cuta ne. Na Himalaya kuwa gishiri ne kawai mai tsada.

Na jawo tukunyar dalma da muka zo da ita daga gida, Uwargida ta fizge ta. Ta yi gaskiya, ruwan gishiri na mako guda yana cin dalma, ya bar wa nama ɗanɗanon ƙarfe. Roba mai murfi ko gilashi ake so. Na sa naman, ya taso sama kamar gora a rafi, na danne shi da faranti. Firij dole ya zauna ƙasa da digiri 4, a juya naman kullum, kwana 5 zuwa 7. Robar ta cinye bene guda. Miyar kuka ta koma ƙofa, furar yara ta koma bayan madara, ni kuma na koma wanda ba a amsa wa gaisuwa da sakin fuska.

Ran kwana na bakwai na gayyato Kawu cin abincin dare. Na ciro naman, ya fito launin toka kamar tsohon bargon asibiti. Na ce wuta za ta gyara. Ban wanke shi ba, don a ganina wanke nama bayan kwana bakwai cikin kayan ƙamshi asara ce. Na jefa shi a tukunya, na buɗe wuta har ƙarshe yadda muke sulala naman miya, sannan hannuna, ba tare da ya nemi shawarata ba, ya marmasa dunƙulen magi biyu ya bi da ɗan gishiri. Bayan awa ɗaya da rabi na soka cokali mai yatsu, cokalin ya dawo mini da gaisuwa. Kawu ya riga ya zauna, ya naɗe hannun riga. Na sauke, na yanka nan take yana turiri, na bi tsawon zaren naman saboda ta nan wuƙar ta fi tafiya.

Kawu ya sa yanka ɗaya a baki. Ya tauna. Ya ci gaba da taunawa. An yi kiran isha a wayarsa yana taunawa. Can ya miƙa hannu ya shanye kofin ruwa, ya shanye nawa, ya ce, "Kai yaro, wannan saniyar a Bilma aka yi kiwonta?" Ƙaramar 'yata ta ja nata yankan da haƙori, ya miƙe kamar robar danƙo ya koma. Da shinkafa da wake aka rufe daren, Kawu kuma ya ce in ajiye ragowar, akwai takalminsa da ke buƙatar sabon ƙasa.

Kowane laifi da dalilinsa, kuma duka nawa ne. Ƙirji shi ne naman da sa yake dogara a kai yana tsaye yana tafiya, cike yake da jijiya da tantani. Waɗannan ba sa narkewa da zafin wuta, sai da daɗewa. Tafasa mai ƙarfi matse zaren naman take yi ta kore ruwansa tun jijiyar ba ta saki ba, shi ya sa ya bushe alhali a cikin ruwa yake. Gishirin kuma, naman ya riga ya sha iya shansa; abin da yake nema a tukunya shi ne ruwan da zai sauke masa, ni kuma na ƙara masa kaya. Yanka bin zare ya bar wa haƙori aikin da wuƙa ya kamata ta yi.

Na jira wata guda har maganar ta lafa, na koma wurin mahauci. Bai ce komai ba, ya dai bar kitsen. Na samo gishirin adanawa na gaske, na auna giram 15. Bayan kwana 7 na wanke naman da ruwan sanyi, na jiƙa shi a sabon ruwa awa 2, na canza ruwan sau ɗaya a tsakani. Na sa shi a tukunya kitse yana sama, ruwa ya rufe shi da kamar yatsu biyu, da albasa guda, da cokali ɗaya na kayan ƙamshin nan. Magi kuwa na ba Uwargida ta kulle. Da ya fara tafasa na kwashe kumfa, na rage wuta har ruwan ya koma ɓul, shiru, ɓul, wajen digiri 85 zuwa 90, na rufe. Lissafin shi ne kusan awa 2 ga kowane kilo, amma agogo ba shi ne alƙali ba. Idan cokali ya shiga ya fita ba gardama, ya yi. Nawa ya ci awa 4 saura kaɗan. Dankalin turawa da karas sun shiga saura minti 30, kabeji saura minti 15, don idan ya wuce haka ya zama fate, warinsa kuma sai ya kai hawa na biyar.

Da na ciro shi na tsaya ina neman sauran. Kilo 2 da kwata ya koma kamar ɗaya da rabi. Na dubi yara ɗaya bayan ɗaya, suka rantse ba su taɓa murfi ba. Ashe haka yake, kashi ɗaya cikin uku ko fiye yana tafiya a ruwa da kitse. Na bar shi ya huta minti 20 a rufe, na duba inda zaren ya nufa, na gitta shi da wuƙa, kowane yanka kaurin rabin santimita. Yana rabuwa da yatsa. Launinsa ja mai haske har tsakiya.

Kawu ya zo, wannan karon da gorar ruwansa a hannu. Ya dubi farantin, ya dube ni, ya ce, "Wancan ka ba ni fata, wannan kuma ɗanye?" Na yi masa bayanin cewa naitirait ne yake kama jan launin naman ya riƙe shi, ko kwana za a yi ana dafawa ba zai koma ruwan ƙasa ba. Na nuna masa ma'aunin zafi don ya ga naman ya dahu. Ya ce shi ba ya cin nama da shaidar na'ura. Uwargida ta tashi ba ta ce uffan ba, ta ɗauki nasa rabon, ta daddatsa shi ƙanana, ta soya da albasa da attaruhu da dankalin har ya yi ƙauri-ƙauri, ta barbaɗa yaji ta ajiye masa.

Ya ci, ya nemi ƙari, ya ci. Yana wanke hannu ya ce mata, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Ki riƙa hana shi shiga kicin ɗin nan." Sannan ya ce a ƙunsa masa ragowar a leda.