Bayan an ce iska ce, wa ya ba jirgin izinin fita?

A ranar Asabar 19 ga watan Yuli na shekarar 2025, wani jirgin ruwa mai ɗaukar ƴan yawon buɗe ido ya kife a mashigin tekun Ha Long da ke arewacin ƙasar Biyetnam, bayan da guguwa mai tafe da tsawa da ruwan sama ta afka masa da rana. Mutum 49 ne a cikin jirgin, aka ceto 10, sauran 39 suka rasa rayukansu, kuma galibinsu iyalai ne ƴan ƙasar da suka zo hutu daga Hanoi tare da ƴaƴansu. Bayanin farko da ya fito shi ne wanda ake ji bayan kowane hatsari irin wannan, wato iska ce ta taso ba zato ba tsammani. Maganar gaskiya ce, babu mai musunta ta. Sai dai iska tana cikin abubuwan da duk wanda ya ɗauki sana'ar ruwa ya san zai gamu da su, saboda haka ambatonta bai isa ya rufe bincike ba. Daga nan ne ma binciken ya kamata ya soma, a tambayi wanda ya san hadari na tafe, da wanda ya yanke shawarar fita, da wanda gwamnati ta ɗora wa alhakin hana fitar idan ta zama ganganci.

Hatsarin da ya fi fito da wannan magana fili shi ne na ƙasar Japan. A ranar 23 ga Afrilun 2022, jirgin yawon buɗe ido mai suna Kazu I ya nutse a gaɓar Shiretoko da ke tsibirin Hokkaido ɗauke da mutum 26, ba a samu ko ɗaya da rai ba, har yanzu akwai waɗanda ba a ga gawarsu ba. Tun da safe masu hasashen yanayi sun yi gargaɗin iska da igiyar ruwa, masuntan yankin kuma suka koma gaɓa kafin azahar. Shugaban kamfanin ya faɗa da bakinsa a gaban manema labarai cewa sun yi shawara da matuƙin a fita, bisa sharaɗin a juyo idan teku ta ɓaci. Da masu bincike suka duba, sai suka tarar eriyar rediyon ofishin kamfanin a karye take, wayar tauraron ɗan'adam ta jirgin ba ta aiki, wayar salular da aka yi rajista a madadinta kuwa ba ta samun layi a mafi yawan hanyar da jirgin ke bi. Murfin wata kafa da ke saman gaban jirgin ba ya rufuwa da kyau, ta nan ruwa ya shiga. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, kwana uku kacal kafin hatsarin sufetoci sun duba jirgin sun ba shi takardar lafiya, alhali a shekarar da ta gabata ya yi hatsari har sau biyu kuma ma'aikatar sufuri ta san da haka. Matuƙin ya mutu tare da fasinjojinsa, kuma da an so a sauƙaƙa wa kai da sai a ɗora masa komai a rufe takarda. Hukumomin Japan ba su tsaya nan ba: sun soke lasisin kamfanin, sun gyara dokar sufurin ruwa a 2023, sannan a watan Satumba na 2024 aka kama shugaban kamfanin aka tuhume shi da sakacin da ya jawo asarar rayuka. An ɗauki fiye da shekara biyu kafin a kai nan, wanda jinkiri ne mai ciwo ga iyalan mamatan, amma dai tuhumar ta hau har ofishin da aka yanke shawarar fita.

A Amurka lamarin ya bi wata hanya. Ranar 19 ga Yulin 2018, wata mota mai shiga ruwa da ake yawo da baƙi a cikinta ta nutse a tafkin Table Rock na jihar Misuri, mutum 17 cikin 31 suka mutu, tara daga cikinsu ƴan gida ɗaya. Hukumar hasashen yanayi ta fitar da gargaɗin guguwa mai tsanani fiye da minti 20 kafin motar ta shiga ruwa. Tun bayan irin wannan hatsari a jihar Akansas a 1999, inda mutum 13 suka mutu, hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta ba da shawarar a ƙara wa waɗannan motoci abin da zai hana su nutsewa ko da ruwa ya cika su, ko kuma a cire rumfar da ke tare mutane a ciki idan sun nutse. Shawarar ta kwanta a takarda kusan shekara 20. Bayan hatsarin 2018 an tuhumi ma'aikata uku a kotun tarayya, sai kotun ta kori ƙarar bisa dalilin cewa tafkin ba ya cikin ruwayen da dokar teku ta tarayya ke da hurumi a kansu. Sai a ƙarshen 2022 majalisar dokokin ƙasar ta mayar da shawarwarin doka. Wannan ya nuna cewa rahoton bincike, komai ingancinsa, ba ya ceton rai idan babu wanda aka wajabta wa aiwatar da shi cikin wa'adi sananne.

Makonni biyu kafin hatsarin Misuri, a ranar 5 ga Yulin 2018, jirgin Phoenix ya nutse kusa da Fuket a ƙasar Tailan bayan ya fita duk da gargaɗin yanayi, ƴan ƙasar Sin 47 suka mutu. Mataimakin firaministan ƙasar na lokacin, Prawit Wongsuwan, ya yi gaggawar ɗora laifin a kan kamfanonin yawon buɗe ido na ƴan Sin, daga baya ya nemi afuwa bayan maganar ta jawo fushi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani, amma tashar da jirgin ya tashi daga cikinta ta gwamnatinsa ce, kuma jami'anta ne ke da ikon tsayar da shi.

Adalci ne a yarda cewa akwai guguwar da ke fin ƙarfin kowace dabara. Lokacin da jirgin Eastern Star ya kife a kogin Yangtze a ranar 1 ga Yunin 2015, mutum 442 suka mutu, yawancinsu tsofaffi masu yawon shaƙatawa, binciken gwamnatin Sin ya tabbatar cewa wata iska ce mai ƙarfi da ba a cika ganin irinta ba ta sauko daga hadari ta kifar da shi cikin ɗan lokaci. Duk da haka rahoton ya nemi a hukunta mutum 43 daga kamfanin da hukumomin sa ido saboda sakacin da aka gano a ayyukansu. Ana iya tabbatar da ƙarfin iska a kuma tabbatar da sakacin mutane a cikin rahoto guda, ɗaya ba ya wanke ɗaya.

Mu a yammacin Afirka muna da namu tabon da bai warke ba. Jirgin Joola na Senegal, wanda ba na yawon buɗe ido ba ne, na fasinja ne tsakanin Zigincor da Dakar kuma sojoji ke tafiyar da shi, ya kife cikin hadari da daren 26 ga Satumban 2002 a gaɓar Gambiya ɗauke da ninkin ba ninkin adadin da aka ƙera shi domin ɗauka. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 1,863 suka mutu, 64 suka tsira, kuma masunta ne suka fara kai ɗauki tun kafin jiragen ceto su iso. A 2003 mai gabatar da ƙara ya rufe shari'ar yana mai ɗora alhakin a kan matuƙin jirgin, wanda shi ma ya mutu a cikinsa. Babu wanda aka gurfanar a gaban alƙali a Senegal. Wannan ita ce hanyar da nake tsoron mu saba da ita, domin mamaci ba ya kare kansa, kuma idan aka binne laifin tare da shi, wanda ya sayar da tikiti fiye da kima da wanda ya sa hannu a takardar tashi suna komawa bakin aikinsu washegari.

Mai karatu a Damagaram, garin da ya fi sanin wahalar ruwan sha fiye da hatsarin jirgi, zai iya cewa wannan labarin mutanen teku ne. Ba haka ba ne. Muna da tafkin Gidimuni a kan hanyar Gure da tafkin Lasuri, dukansu suna cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya kan kare dausayoyi, ta amince da muhimmancinsu, kuma duk mai maganar bunƙasa yawon buɗe ido a jiharmu sai ya ambace su. Maƙwabtanmu na Maraɗi suna da tafkin Madarumfa, na Difa suna da Komadugu da tafkin Cadi, ƴaƴanmu da ke karatu ko aiki a Yamai kuwa suna hawa kwale-kwale su je kallon dorina a Bubon da Ayoru. A da yawa daga cikin waɗannan wurare jirgin da ake ɗaukar baƙo a ciki na masunci ne da aka sassaƙa domin mutum biyu ko uku da komarsu, kuma ranar da aka fi cika shi ita ce ranar biki, lokacin da matasan da ba su iya iyo ba suke rububin shiga. Abin da ya faru a madatsar ruwan Watari da ke Ɓagwai a jihar Kano a ranar 30 ga Nuwamban 2021, inda aƙalla mutum 29 suka mutu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, ya faru ne a ruwa irin namu, ga mutane irinmu, kuma ko iska ba a buƙata ba, lodi kawai ya isa. Hadarin daminarmu kuma mun san halinsa: daga gabas yake tasowa, ƙura da iska mai ƙarfi suna riga ruwan isowa, kuma tsakanin ganin baƙin gajimare da isowar iskar sau da yawa lokacin bai isa a tuƙo jirgi mai nauyi daga tsakiyar tafki zuwa gaɓa ba.

Idan irin wannan ya faru a wurinmu, abin da za a fara faɗa shi ne kwana ya ƙare, kuma wannan gaskiya ce da babu mumini da zai ja da ita. Amma malamanmu na mazhabar Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Birni da Zango, ba su ɗauki imani da ƙaddara a matsayin yafe wa mai sakaci ba. Littafin Risala ya ce babu lamuni, wato biyan asara, a kan mai jirgi, kuma ba shi da kuɗin haya sai ya kai kaya inda aka yi alkawari. Littafin Muhtasar ya ɗaure wannan sassauci da sharaɗi, wato jirgin ya nutse ne alhali matuƙin yana aikata abin da ya halatta a sana'arsa, masu sharhi kuma suka bayyana cewa idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, to lamuni ya hau kansa. Ma'ana, tun ƙarnoni da suka wuce fiƙihu ya wajabta a tambayi yadda aka yi kafin a ce babu laifin kowa. Alƙur'ani ma ya ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, wanda mai shi bai yi niyya ba.

Abin da duk waɗannan haɗurra suka yi tarayya a kai shi ne, wanda ke yanke shawarar fita shi ne wanda zai yi asara idan ba a fita ba. Mai kamfani ya riga ya karɓi kuɗin baƙi, matuƙi kuma abincin gidansa na ranar yana cikin wannan tafiyar, don haka duk lokacin da sararin sama ya ba da shakka, zuciya za ta karkata ga cewa a gwada. Ba mugunta ba ce, halin ɗan Adam ne, shi ya sa bai kamata a bar wannan hukunci a hannunsu su kaɗai ba. Dole ne a kowace gaɓa da ake ɗaukar fasinja a sami mutum guda sananne da sunansa, wanda ba shi da kaso a kuɗin jirgi, wanda saƙon hukumar hasashen yanayi ta ƙasa ke isa wayarsa kai tsaye, kuma wanda idan ya ce yau ba a fita, jandarma za su tsaya a bayan maganarsa. Sarautar sarkin ruwa tana nan a garuruwan masunta, kuma masu riƙe da ita sun fi kowane jami'i sanin halin ruwansu. Abin da ya rage shi ne ma'aikatar magajin gari ta ba su wannan iko a rubuce, ta kuma rubuta abin da zai biyo baya idan suka bari aka fita bayan gargaɗi. Yamai ce mazaunin cibiyoyin yanayi na AGRHYMET da ACMAD, waɗanda ke yi wa ƙasashe da dama hidima, abin kunya ne a ce bayanin hadari bai isa bakin tafkin da ke cikin ƙasar ba.

Sauran matakan ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. A rubuta adadin mutanen da jirgi zai ɗauka da fenti a jikinsa yadda fasinja zai iya ƙirgawa da kansa, a tanadi rigar ruwa ga kowa har da ta yara, kuma a rubuta sunayen masu shiga kamar yadda kamfanonin bas ke yi kafin mota ta bar tasha, domin a Ha Long ma sai da aka gyara adadin mutanen da ke cikin jirgin bayan sanarwar farko. Za a ce wannan zai ƙara wa talaka tsada kuma zai rage wa masunci ɗan abin da yake samu a ranar biki. Damuwar tana da tushe, kuma amsarta ita ce ƙaramar hukumar da ke karɓar harajin kasuwa da na kamun kifi ta sayi rigunan ta ajiye su a hannun ƙungiyar masunta, maimakon a mayar da dokar wata sabuwar hanyar tatsar masu jirgi.

Idan kuma duk da haka hatsari ya auku, gwamnan jiha ya kafa masu binciken da ba su ne suka ba da izinin aiki ba, a ba su wa'adi, a ji bakin waɗanda suka tsira da iyalan mamata, sannan a karanta sakamakon a gidajen rediyo da Hausa da Barbarci da Fillanci, tare da sunan ofishin da aka ɗora wa kowane gyara da ranar da zai dawo ya faɗa wa jama'a abin da ya yi.