Fitowar farko a fim mai sa fargaba: ku ajiye jinin nan tukuna

Ɗalibai masu shirin fim ɗin kammala karatu, musamman waɗanda suka zaɓi labari mai sa fargaba, ina da magana da ku a kan fitowar farko, kuma zan faɗe ta yadda take a raina.

Yawancin finafinan ɗalibai irin wannan da ɗayan abu biyu suke buɗewa. Ko dai agogo ya kaɗa, jarumi ya farka, ya wanke fuska, ya sa kaya, minti biyu sun tafi ba abin da ya faru. Ko kuma wata yarinya tana gudu cikin duhu tana ihu, kyamara na rawa, sai wuƙa, sai jini, sai sunan fim. Na farkon yana sa mai kallo ya koma kan wayarsa. Na biyun ya fi ruɗi, domin ɗalibin gani yake ya fara da zafi. Alhali mai kallo bai san yarinyar ba, bai san mai bin ta ba, babu abin da zai sa gabansa ya faɗi saboda ita. Kuma da zarar ka zubar da jini a minti na farko, me ka rage wa minti na goma?

A ganina aikin fitowar farko guda ɗaya ne: ta sanar da mai kallo wani abu da jarumin bai sani ba, sannan ta bar shi yana jira. Darakta Alfred Hitchcock ya yi bayanin wannan a hirarsa da daraktan nan na Faransa, François Truffaut, a 1962. Mutum biyu suna hira a teburi, sai bam ya tashi: mai kallo ya razana na daƙiƙa 15. Amma idan an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin teburin tun farko, ya kuma san lokacin da zai tashi, hirar nan ta banza za ta riƙe shi minti 15 yana so ya yi musu ihu su tashi. Razana tana wucewa nan take. Zullumi shi ke zaunar da mutum a kujera, kuma shi ne ba ya cin kuɗi.

Ga misali da ɗalibi zai iya ɗauka da kyamara ɗaya. Ɗakin karatu, dare ya yi. Wata ɗaliba ce a teburin ƙarshe, ta toshe kunnuwa da abin jin sauti, tana rubutu. A bakin ƙofa mai gadi yana haɗa kayansa. Kyamara ta matso kan littafin rajista: layin shiga, layin fita. Kowa ya sa hannun fita sai mutum biyu, ita da wani suna da aka rubuta a karkace. Wayar mai gadin ta yi ƙara, ya rufe littafin bai duba ba, ya kashe fitilun baya, ya fita amsa kira. Mu koma kanta, tana juya shafi. Can bayanta, tsakanin kantocin littattafai, wata kujera ta ɗan yi ƙara. Ba ta ji ba. Mu mun ji. Shi ke nan, sai sunan fim ya fito. Babu gawa, babu wuƙa, amma wanda ya kalla ba zai tashi ba sai ya san wane ne mai sunan nan.

Irin wannan tsari yana kuma rufa wa 'yan wasanku asiri. Mu faɗi gaskiya, abokan karatu ne za ku sa, ba ƙwararru ba, kuma babu abin da ya fi wuya ga sabon ɗan wasa kamar nuna tsoro ba tare da ya wuce gona da iri ba. Wajen shekarar 1920 Lev Kuleshov, wani mai shirya fim na Rasha, ya nuna cewa fuska ɗaya, wadda ba ta nuna komai, tana sauya ma'ana a idon mai kallo gwargwadon hoton da aka jera kusa da ita. Saboda haka kada ku ce wa yarinyar ta zare ido. Ku bar ta ta yi rubutunta kawai. Wajen tace hoto ne tsoron zai shigo, idan fuskarta ta biyo bayan littafin rajistar nan.

Sai sauti, wanda shi ne ya fi damuna. Mai kallo yana yafe hoton da bai fito sosai ba, amma ba ya yafe sautin da ya lalace. A fim mai sa fargaba kuwa rabin aikin kunne ke yinsa. Ƙarar kujerar nan ita ce fitowar gaba ɗaya. In fanka ko injin sanyaya ɗaki ya haɗiye ta, kun yi asara. Ku kawo makirfo kusa da abin da kuke so a ji, kada ku dogara da na jikin kyamara. Kafin ku bar wurin, kowa ya yi shiru ku naɗi sautin ɗakin na kamar minti ɗaya, domin da shi mai tacewa zai cike giɓi tsakanin ɗauka da ɗauka. Kiɗa kuma, don Allah ku jinkirta shi. Idan kiɗa ya riga ya gaya wa mutum cewa ya ji tsoro, kunnensa ya daina sauraron ɗakin.

Duk wannan a takarda ake fara shi. Shafi ɗaya na rubutun fim yana ba da kusan minti ɗaya a allo, don haka gajeren fim ba ya buƙatar fitowar farko da ta haura shafi biyu. Ku zana kowace ɗauka, ko da zanen 'yan sanduna ne, ku rubuta a gefe abin da mai kallo zai sani bayanta wanda bai sani ba kafin ta. Wadda ba ku sami abin rubutawa a gefenta ba, ku cire ta. Ku kuma kiyaye ƙa'idar digiri 180, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin da ke tsakanin yarinyar da inda ƙarar ta fito, in ba haka ba mai kallo zai rikice a kan ina haɗarin yake.

Ku je lokeshan a daidai lokacin da za ku yi ɗaukar, ku ga hasken wurin, ku ji hayaniyarsa. Duhun fim da fitila ake yinsa. In kuka kashe komai, hoton zai fito da ɗigo-ɗigo kamar yashi. In kuma labarin ya tilasta fito da bindigar roba a waje, ku nemi izini ku sanar da hukumar wurin tukuna, domin mai wucewa bai san fim kuke yi ba.

Idan kun haɗa fitowar, ku nuna wa wanda bai karanta labarin ba. Kada ku tambaye shi ko ta yi kyau, zai ce ta yi don kunya. Ku tsayar da hoton daidai inda sunan fim ya fito, ku tambaye shi me yake tsoron zai faru da yarinyar. In ya ba ku amsa nan take, ku wuce fitowa ta biyu. In ya tsaya inda-inda, ku koma kan takarda.