Wanda Ya Ɗauki Karen Tsere, Ya Ɗauki Tsufansa

Jama'a, musamman 'yan'uwa mazauna Ingila, Ayilan, Amurka da Ostareliya, inda ƙungiyoyi ke ta cigiyar wanda zai riƙi karen tsere da aka sallama daga aiki, maganata yau a kan karen nan ce da Turawa ke kira girehawun: dogo, siriri, mai zurfin ƙirji da shafaffen ciki. Wanda ya san karnukan farauta na karkara, ko karen Azawak na Buzaye a Nijar da Mali, da gani ɗaya zai gane ƙirar. Yana gudun kusan kilomita 70 a awa, amma ana sallamarsa daga fili yana ɗan shekara 2 zuwa 5, alhali yana iya kaiwa 12 ko fiye a duniya. Ke nan yawancin kwanansa a hannun mariƙinsa zai yi su, har da tsufa da jinya da mutuwa. A ganina, duk wanda bai shirya wa wannan ɓangaren ba, kada ya sa hannu a takardar karɓa.

Karnukan da ke neman gidan ma ba kaɗan ba ne. A Nuwamban 2018 mutanen jihar Fulorida suka kaɗa ƙuri'ar hana tseren karnuka, filayensu suka rufe kafin ƙarshen 2020, yanzu a Amurka saura filaye biyu a Bajiniya ta Yamma. A Disamban 2024 gwamnatin Niyu Zilan ta sanar da cewa ita ma za ta hana. A Ingila kuwa ƙungiyar Greyhound Trust tun 1975 take wannan aiki na sama musu gidaje.

Makonnin farko ba su da wuya in an fahimci abu ɗaya: karen nan a keji ya tashi, bai san gida ba. Bai taɓa hawa matakala ba, sai an koya masa taki ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar gilashi fili ce a idonsa, don haka a manna mata takarda daidai tsayin kansa. Tayil yana zamar da shi, a shimfiɗa darduma. Kansa ya fi wuyansa siranta, abin wuya na gama-gari zamewa yake yi, sai irin mai faɗin nan da ke ɗan tsukewa in ya ja. Kada a sake shi a wurin da ba shinge, domin in ya hango kyanwa ko zomo ba ya jin kira. Takunkumin roba mai kama da kwando ya saba da shi tun a fili, yana iya haki da shan ruwa a ciki, a riƙa sa masa har a san halinsa da ƙananan dabbobi. Sai kuma abin da ya fi jawo a mayar da kare inda aka ɗauko shi: bai saba a taɓa shi yana barci ba, yana iya firgita ya kai cizo kafin ya gama farkawa. A kira sunansa daga nesa, a tabbatar ya ɗago kai, sannan a matso. Yaran gida su ne farkon waɗanda za a koya wa wannan. Ban da haka, yawon minti 20 sau biyu a rana ya ishe shi, sauran yinin a kwance yake ƙarewa.

Inda nake son a tsaya da kyau shi ne jikinsa, domin ma'aunin da ake auna sauran karnuka da shi yana ɓatar da mutum a kan wannan. Jininsa ya fi kauri. Kason jajayen ƙwayoyin jini a yawancin karnuka tsakanin 37 da 55 cikin 100 yake, nasa kuwa 50 zuwa 65. Saboda haka in sakamako ya nuna 40, takardar ɗakin gwaji za ta ce lafiya lau, alhali ga girehawun wannan alamar ƙarancin jini ce da ya kamata a bi sawunta. Fararen ƙwayoyin jininsa da masu daskarar da jini kuma ƙasa suke da na saura, ba tare da wata cuta ba. Sinadarin kiriyatinin, wanda ake duba ƙoda da shi, yakan ɗan haura saboda yawan tsoka, don haka kafin a ce ƙoda ta taɓu sai an haɗa da gwajin fitsari. Wanda ya fi yawan jawo kuskure shi ne sinadarin maƙoƙo, wanda a halittarsu ƙasa yake. Ga shi kuma da yawansu gashin cinyarsu a zube yake. Sai a haɗa biyun a yanke cewa karen na da ciwon maƙoƙo, a ɗora shi a kan magani har ƙarshen ransa ba dalili. Shawarata, a yi masa cikakken gwajin jini a watan farko yana da lafiya, a adana takardar. Ita ce za a riƙa kwatantawa da ita in shekaru sun ja.

Haka maganar tiyata. Ba shi da kitse, hantarsa kuma tana jinkirin narkar da wasu magungunan sa barci, musamman tsohon nan tiyofental, wanda kan sa ya daɗe bai farfaɗo ba. Jikinsa yana saurin yin sanyi a kan tebur. Akwai kuma abin da likitocin Jami'ar Jihar Ohayo suka bayyana: kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan karnuka sukan fara zubar jini awa 36 zuwa 48 bayan aiki, lokacin da mai kare ya riga ya saki jiki. Ɗinki yana nan lafiya, sai fatar kewaye ta fara yin ja tana baƙi, abin yana bazuwa. Dalili shi ne gudan jinin da ya toshe raunin yana narkewa da wuri. Akwai maganin da ke hana hakan, taraneksamik asid ko aminokafuroyik asid, ana farawa ranar aiki a ci gaba kamar kwana 5. Tambayar likita ko ya saba da wannan irin kare kafin a yi masa fiɗiya ko cire haƙori ba rashin kunya ba ne, likitan kirki ma murna zai yi da tambayar.

Haƙora su ne ciwon da ya fi yawa kuma aka fi rainawa. Binciken da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta fitar a 2019, kan karnuka sama da 5,000, ya samu kashi 39 cikin 100 da ciwon haƙori. Warin baki, jan dasashi, tauna da gefe ɗaya, sakin abinci daga baki, duk alamu ne. Maganin ba shi da tsada: buroshi mai laushi kullum, da man goge haƙori na karnuka. Na mutane bai dace ba, domin kare haɗiyewa yake, wasu kuma suna ɗauke da sinadarin zaƙi na zailitol da ke iya kashe shi. Dattin da aka bari kwana kaɗan yakan daskare ya zama dutse, shi kuma sai an sa kare barci ake kankare shi. Wanda ya yi sakaci da buroshi a shekara 5, shi ne zai tsaya yana fargabar allurar barci a shekara 11.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kalmar nan "ai tsufa ne" ta cuci karnuka da yawa. Kare ya fara ɗingishi, ko ya daina hawa kujera, ko yana jinkirin tashi, sai a ce tsufa ne, a bar shi. Shekaru ba sa sa ɗingishi, ciwo ke sa shi, kuma kowane ciwo da sunansa. A girehawun abu uku za a fara tunani.

Na farko kanta ce a tafin dagi, 'yar da'ira mai tauri kamar tsakuwa, galibi a yatsun tsakiya na ƙafar gaba. Gane ta ba wuya: yana ɗingishi a kan kwalta ko siminti, yana tafiya daidai a kan ciyawa. A jiƙa tafin da ruwa za a gan ta, in an matse ta daga gefe zai janye ƙafar. Likita na iya ƙwaƙule ta, sai dai takan dawo, shi ya sa takalmin kare mai laushi da yanke farata a kai a kai ke taimakawa. Faratan da ke ƙara a kan tayil sun yi tsawo.

Na biyu amosanin gaɓɓai, sau da yawa a wurin tsohon raunin fili. Alamarsa sandarewa bayan kwanciya, wadda ke sassautawa in ya ɗan taka. Katifa mai kauri wajibi ce, tunda ba kitsen da ke tare ƙashinsa daga ƙasa. A rage tsawon yawo a ƙara yawansa, minti 10 sau uku ya fi rabin awa a tashi ɗaya. Kada a bar shi ya yi ƙiba don tausayi, haƙarƙari biyu ko uku na ƙarshe ya kamata a riƙa hangowa. Likita kan ba da maganin zafi na meloksikam ko makamancinsa, a ba shi tare da abinci, a duba ƙoda da hanta duk wata 6, a dakata nan take in aka ga amai ko baƙin kashi. Ba a haɗa shi da maganin kumburi na firedinisolon, haɗin yana huda ciki. Ina roƙo kuma don Allah, kada a ba kare ibufirofen ko diklofenak na mutane. Suna lalata masa ciki da ƙoda.

Na uku shi ne wanda ake tsoro, sankarar ƙashi. Wannan irin kare yana cikin waɗanda ta fi kamawa, kuma ciwon daji ne kan gaba wajen kashe su. Takan fito a saman ƙashin damtse kusa da kafaɗa, ko sama da wuyan ƙafar gaba, ko kusa da gwiwar baya. Tana farawa da ɗan ɗingishi da maganin zafi ke ɓoyewa na mako ɗaya ko biyu, daga nan sai kumburi mai tauri da kukan dare. Wani lokaci ma ƙafar ce ke karyewa kawai yana juyi a tsakar gida. Don haka matsayina ba sassauci: girehawun da ya haura shekara 7, ya yi ɗingishin da ya wuce mako guda ba a ga kanta ko rauni ba, a ɗauki hoton ƙashi. In an tabbatar, gaskiyar tana da ɗaci. A kusan 9 cikin 10 cutar ta riga ta bazu, galibi zuwa huhu, ko da hoto bai nuna ba. Yanke ƙafa yana kawar da zafin, kuma da yawa suna miƙewa a kan ƙafa uku cikin kwana biyu, amma shi kaɗai yakan ba da wata 4 zuwa 5 ne. In an haɗa da allurar kashe ƙwayoyin daji, kamar wata 10 zuwa 12. Tsohon da amosani ya riga ya ci sauran ƙafafunsa bai dace da yankewa ba. Ban ga laifin wanda ya zaɓi tiyata ba, ban ga laifin wanda ya ƙi ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ƙi tiyata kuma a ja lokaci, domin zafin ƙashi yana fin ƙarfin magani da sauri.

Daga shekara 8, a riƙa kai shi asibiti sau biyu a shekara, a kuma riƙe lambobi uku a gida. Nauyi duk wata. Ruwan da yake sha: wajen mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo a rana daidai ne, in ya haura 100, wato lita 3 ga kare mai kilo 30, a duba ƙoda da suga. Sai numfashinsa yana barci, wanda bai kamata ya wuce 30 a minti ba. Abinci kashi biyu, ba gudu awa ɗaya kafin ci ko bayansa, saboda masu zurfin ƙirji tumbinsu na iya murɗewa. In ciki ya kumbura, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, asibiti za a nufa a daren nan. Gigin tsufa ma yana kama kare: yawon dare, tsayawa a lungu, fitsari a ɗaki. A bar masa 'yar fitila, kada a riƙa sauya wa kayan ɗaki wuri, kada kuma a yi masa faɗa.

Ranar rabuwa tana buƙatar lissafi, domin zuciya kaɗai ruɗin mutum take yi. A samu kalanda a riƙa yi wa kowace rana alama, mai kyau ko marar kyau. A rubuta abu uku da ya fi so, ko tarbar mai gida a ƙofa, ko yawo, ko wani abinci. In biyu sun tafi, munanan ranaku sun rinjayi kyawawa, ba ya iya tashi ya yi bayan gida sai an ɗaga shi, lokacin magana da likita ya yi. Wanda ke da tambaya ta addini a kan allurar hutawa, wato allurar da likita ke yi don ƙare ran dabba ba tare da wahala ba, ya kai ta ga malaminsa tun ranar da aka faɗa masa cutar, kada ya bari sai dabba tana kuka da tsakar dare.

Yadda ake yi: ana fara ba shi allurar da za ta sa shi barci mai nauyi, sannan a bi da fentobabital ta jijiya, zuciya ta tsaya cikin minti ɗaya ko biyu. Idonsa zai kasance a buɗe, yana iya jan dogon numfashi ko sakin fitsari bayan ya riga ya tafi. Motsin jiki ne kawai, ba ya jin komai, amma gara a sani tun kafin a gani. Likitoci da yawa suna zuwa gida, kuma na fi son haka, a kan katifarsa, hannun wanda ya saba da shi a kan wuyansa. In binnewa za a yi a inda doka ta yarda, ramin ya kai zurfin mita ɗaya aƙalla, domin maganin yana nan a jikinsa kuma yana iya kashe dabbar da ta tono shi. In akwai wani kare a gidan, a bar shi ya shinshini gawar. Yana iya rage cin abinci na 'yan kwanaki yana bin ɗakuna yana dubawa, a ci gaba da fitar da shi yawo a lokacin da suka saba fita tare.