Ranar Da Na Ce Bashin Mai Shayi Ba Na Gaske Ba Ne

An kawo wuta ƙarfe sha ɗaya na dare, wayata ta cika, maimakon in kwanta sai na faɗa YouTube. Can na ci karo da Nick Bostrom, wani masanin falsafa ɗan ƙasar Suwidin, wanda a 2003, yana Jami'ar Oxford, ya fitar da wata maƙala mai juya kai. Cewa ya yi cikin uku dole ɗaya: ko ɗan Adam ya ƙare kafin ya iya ƙera kwamfutar da za ta kwaikwayi duniya da mutanenta masu tunani, ko ya iya amma ya ƙi, ko kuma mu ɗin nan muna cikin irin wannan kwamfuta ba mu sani ba. Hujjar lissafi ce: idan duniyoyin kwaikwayo dubbai ne, ta gaske ɗaya tal, wa ya ce maka a cikin ta gasken kake? Attajirin nan Elon Musk ma a 2016 ya ce yiwuwar a ce a cikin ta gasken muke ɗaya ce cikin biliyoyi. Kafin asuba data ta ƙare, kai kuma ya cika taf.

Da safe na nufi teburin mai shayi. Ko zama ban yi ba ya jawo littafin nan mai ɗigon mai a bango, ya ce, "Malam, dubu uku da ɗari biyu."

Na gyara murya. Na yi masa bayani tiryan-tiryan cewa shi da ni da littafin, ƙila duk lambobi ne a cikin na'ura. Bai katse ni ba. Yana ta shiƙar shayin wani daga kofi zuwa kofi. Da na gama sai ya ɗauraye kofi, ya dire a gabana, babu komai a ciki.

"Ga shi nan, haɗin kauri ne. A kwamfutarku ya cika."

Wani dattijo a ƙarshen benci ya ce, "Yaro, cewa duniya ba a bakin komai take ba ai tun muna makarantar allo muka ji. Amma ba mu taɓa jin hakan ya yafe bashi ba."

Na taso a fusace, ba shayi ba burodi. Ina shiga tsakar gida, da silifa, babban yatsana ya yi karo da turmi. A bidiyon jiya na ji yadda marubuci Samuel Johnson na Ingila ya shuri dutse a 1763 don ya ƙaryata masanin falsafa Berkeley, mai cewa abubuwa a tunani kawai suke. Ina kyautata zaton shi da takalmi sau-ciki ya yi.

Ina tsalle da ƙafa ɗaya ina salati, uwargida ta leƙo daga madafa. Ashe duk daren tana ji, don ban sa abin kunne ba.

"Sannu, maigida. Ai ba zafi ba ne, kwaikwayo ne."

Ta miƙo min man zafi da hannun dama, ta buɗe na hagu. "Kuɗin cefane kuma, na gaske nake so."