Wai malalata ne, in ji mai kallo daga waya

Wasu masu sharhin nan dai sai a bar su da Allah. Hotunan unguwar al'ummar Roma (wata ƙabila ce marar rinjaye a Turai, wadda aka fi sani da Gypsy) ta ƙauyen Rudňany na ƙasar Sulobakiya da ake ta yaɗawa, kowa ya gani: bukkokin katako da langa-langa, yara ba takalmi, tulin shara, taɓo har gwiwa. Sai ga wani bawan Allah, ɗan uwanmu Bahaushe, ya zo ƙasan hotunan ya rubuta wai ai dama mutanen nan malalata ne, ko a Turai aka ajiye su sai sun mai da wuri juji. Har da masu danna masa alamar so. Madalla, Malam! Kai da ko taswirar Sulobakiya ba ka taɓa buɗewa ba, cikin minti ɗaya ka gama yanke wa mutum sama da dubu 400 hukunci, domin kusan adadinsu ke nan a ƙasar.

To bari in tambaye ka, wa ya haƙa ramukan da ke ƙarƙashin bukkokin nan?

Rudňany garin ma'adinai ne a yankin Spiš, gabashin ƙasar. Ɗaruruwan shekaru ana fitar da tama da tagulla da zaiba daga cikinsa. Zamanin gurguzu rashin aiki laifi ne da ake hukunta mutum a kansa, kuma tun 1958 gwamnatin Cekosulobakiya, wadda Sulobakiya ke cikinta a lokacin, ta yi dokar hana yawo, ta tilasta wa masu ƙaura zama wuri ɗaya. Mazan Roma sun shiga rami, sun ɗauki kaya, sun yi gini da shimfiɗa titi, duk aikin ƙarfi da ƙazanta da wasu ke ƙyama. A lokacin babu wanda ya gano lalacinsu. Sai da gurguzu ya faɗi a 1989, aka rufe ramuka cikin shekarun 1990, aka fara sallamar ma'aikata daga kan marasa takardar makaranta, sannan ne fa kwatsam aka farga wai jininsu ne ba ya son aiki. Ikon Allah. Lalaci mai kwanan wata.

Aiki aka ɗauke musu. Wannan ita ce maganar, kuma zan yi ta maimaita ta har ta gundure ku. Mai takarda da ɗan jari ya tattara ya koma birni ko ya tsallaka ƙasar waje. Wanda ba shi da komai ya zauna inda babu mai korarsa, kuma inda babu mai korarka shi ne inda babu mai so. Unguwar Pätoracká, ɗaya daga unguwannin Roma na Rudňany, tana kan ƙasar da aka rarake cikinta, wadda hukuma da kanta ta ce tana iya ruftawa, shi ya sa aka kwashe mazaunan farko. Ɗaya unguwar, Zabíjanec, tsofaffin gine-ginen kamfanin ne da aka watsar, ƙasarta cike da gubar ƙarafa. A nan yaran da kake wa dariya suke rarrafe. Kamfani ya kwashe arziki ya bar guba, amma kai ƙazantar mai bukka ce ta tsone maka ido.

Na san abin da za a ce: ai Tarayyar Turai ta zuba musu kuɗi. Ta zuba, gaskiya ne. An yi shiri na shekara 10 don shigar da Roma cikin al'umma daga 2005 zuwa 2015. An yi tsari a 2011, an sake wani a 2020 da zai kai 2030. Takardu kam masha Allah. Taron bita, taron ƙara wa juna sani, otal mai kyau, hoto da yara biyu sanye da kayan gargajiya, rahoto mai sheƙi. Mu ma ai mun san wannan sana'ar a gida, ba sai an koya mana ba. Bayan duk wannan, binciken hukumar kare haƙƙi ta Tarayyar a 2021 ya nuna kashi 80 cikin 100 na Roma suna bakin talauci, daidai da abin da ta samu a 2016. Kuɗin ya biyo hanya, mutane da yawa sun sha romo, amma bai zama albashin wata-wata a hannun magidanci ba. Abin da ake ba shi shi ne tsintsiya ya share titin ƙauye don ɗan ƙari a kan kuɗin tallafi, sannan a ce an sama masa aiki.

Wani kuma zai ce ba sa tura yara makaranta. Wace makarantar? A Ostrava, garin kwal na ƙasar Cek, yara 18 ne suka kai ƙara har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, kuma a 2007 kotun ta ba su gaskiya. Shaidar da aka gabatar ta nuna ɗan Roma ya fi ɗan wani yiwuwar a jefa shi makarantar masu taɓin ƙwaƙwalwa har ninki 27. Yaro lafiyarsa lau, laifinsa kawai da harshen Romani ya tashi a gida. A 2023 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta maka Sulobakiya a kotu kan ware yaran Roma a makarantu. Ka hana yaro ilimi, ka hana ubansa aiki, ka dawo kana mamakin yadda suka ƙare. Ni wannan ba muhawara ba ce, mu wuce.

Eh, akwai masu shaye-shaye a cikinsu, akwai masu sata, akwai masu ba da bashi da ruwa suna tatsar 'yan uwansu. A unguwarku babu? Sai me?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne an riga an ga abin da ke aiki, kuma a yankin nan na Spiš ɗin. Ƙauyen Spišský Hrhov ya zaɓi Vladimír Ledecký magajin gari a 1998. Bai kira taron wayar da kai ba. Kamfani ya buɗe mallakin ƙauye, aka fara da buga bulon daɓen hanya, irin wanda muke kira intalok, aka ɗauki waɗanda kowa ya ce ba za su yi aiki ba. Suka zo, suka yi. Daga bulo aka koma gine-gine, ribar tana dawowa cikin ƙauye. Aka daidaita takardun filaye, yara suka zauna aji ɗaya, har mutanen birni suka fara sayen fili suna dawowa ƙauyen. A Rankovce kuwa, wani ƙauyen gabashin ƙasar, iyalai ne suka yi ajiya kaɗan-kaɗan, aka ba su ƙaramin rance, suka gina gidajensu da hannunsu a kan fili mai takarda. Jinin dai shi ne, harshen shi ne. Ina lalacin ya shiga? Wallahi idan na tuna magidancin da ya yi shekaru yana jin ana kiransa cima-zaune, ranar da ya karɓi albashin farko ya shiga gida da cefane, sai jikina ya yi sanyi. Ba wani abu mai wuya mutanen nan ke nema ba.

Amma katanga ta fi kawo ƙuri'a. A Baia Mare ta Romaniya, wani tsohon garin ma'adinan, magajin gari ya gina katanga a 2011 ya raba gidajen Roma da titi, a 2012 ya kwashe iyalai ya zuba su a gine-ginen tsohuwar masana'antar tagulla, har aka kwashi yara zuwa asibiti. A shekarar ya sake cin zaɓe da sama da kashi 80 cikin 100. Irin masu zaɓen nan kake taya magana, Malam, su da kai ma idan ka sauka garinsu da baƙar fatarka ba kujera za su miƙo maka ba.

Kuma ni mamakin da nake yi, mu ne za mu yi wa wani dariyar zama a kan guba? A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo. Kududdufan kuza na Filato har yau suna cin mutane da dabbobi. A Akokan, kusa da Arlit, an rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a watan Maris na 2021, aka bar tsaunin dusa mai guba na miliyoyin tan a gefen gari. Wai ni kam, 'yan uwanmu na Arlit da ke nan, waɗanda aka sallama sun samu haƙƙinsu kuwa? Kuma ruwan da ake sha a garin yanzu daga ina ake jawo shi? Mai labari ya ajiye mana a ƙasa.