Yadda na so zama attajiri da ƙwan agwagwa 6

Wallahi duk abin nan lissafi ne ya ja min. Ina zaune a shago na ji wani yana faɗar kuɗin da aka sayi toron agwagwa guda ɗaya dab da sallah, sai na fara ƙirga a zuciyata, in ina da guda 50 fa? Kafin na iso gida har na gama sayen fili a kaina, na zuba gini, saura fenti.

To dama muna da kaji 4 da zakara a bayan ɗaki, na uwargida ne, kuma a cikinsu akwai wata ja mai wuyan tsiya da ta fara kwanci a ranar. Ƙwai 7 ne a ƙarƙashinta. Na je wajen wani mai kiwo na sayo ƙwan agwagwa 6, da daddare na lallaɓa akurki da tocilan ɗin waya na cusa mata su, ta sakar min sara a hannu har sau biyu amma na daure tunda hanyar arziki ce. Uwargida tana tsaye tana kallo ta ce "Baban Ummi, ka dai tambayi Hajiya ko?" Na ce haba, ƙwai ai ƙwai ne, sai kace wanda zai harba roka.

Ashe ƙwai ba ƙwai ba ne jama'a. Na kaza kwana 21 yake yi. Na zabuwa wajen 28, shi ya sa mutanen ƙauye ke sa wa kaza shi kuma ta jure. Shi kuwa na agwagwarmu ta gida, mai jan fuskar nan da ba ta kuka sai huci, sai ya yi kwana 35 cur. Duk wannan sai daga baya na sani, lokacin da ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada.

Ranar kwana na 21 'yan tsaki suka fara fitowa, washegari kaza ta karkaɗe jikinta ta kwashi 'ya'yanta ta fice kiwo, ko waiwayen jarina ba ta yi ba. Na kamo ta na mayar, ta fito. Na sake mayarwa na kifa mata kwando, ta dinga kururuwa kamar ana yanka ta har yaran makwabta suna leƙowa ta katanga. Na kira Hajiya a waya na ce ina jin an sayar min da baragurbi ne, bari na koma wajen mutumin nan. Hajiya ta yi dariya har da tari ta ce "Kai dai bokon nan bai tsinana maka komai ba, saura sati 2 fa, ka nemo kaza mai kwanci tun bai huce ba."

Kafin a samu kaza sai na ce bari na gwada kimiyya. Na samo kwali na zuba ɓuntun shinkafa, na rataya ƙwan lantarki a ciki, na aje ɗan ruwa a murfin galan saboda laima, ina ta juya ƙwai kamar mai suyar masa. Ƙarfe 11 na dare aka ɗauke wuta. Abin da na yi a daren nan, don Allah kar ya wuce nan, na naɗe su a tsohuwar rigar sanyi na rungume a ciki na kwana a zaune, ko juyi ba hali. Da asuba uwargida ta kalle ni ta ce "Sannu da kwanci, Allah ya raba lafiya." Har yau in muka yi faɗa da wannan take gama ni.

Da safe ta shiga gidan Inna makwabciyarmu ta aro wata baƙar kaza da ke kwanci a kan gurbi ba ƙwai, da sharaɗin in an ƙyanƙyashe Inna za ta zaɓi ɗaya. Na ce a ba ta, ɗaya a cikin 6 ai sadaka ce. Guda 3 suka fito. Ɗaya a cikin sauran kuwa na ce bari na fasa na ga me ya hana shi, ya fashe min a hannu, warin da ya tashi sai da muka ci tuwon dare a ƙofar gida.

Su kuma ukun, kwanansu 4 a duniya suka hango bahon wankin uwargida suka faɗa ciki suna iyo. Baƙar kazar nan ta dinga zagaya baho tana ihu tana baza fukafukai, ita a dole 'ya'yanta za su nutse. Ni ma na ruga na tsamo su ina goge su da tawul, Inna na daga bakin ƙofa tana cewa "Ɗan nan kai da kazar wa ya fi wani ruɗewa?"

Kulawa kam na yi. Dusa da ruwa safe da yamma, ragowar tuwo, tsakin masara, in shirwa ta gifta a sama ni ne nake fara ihu kafin kaza. Kashi kuwa kar ku tambaya, agwagwa ba ta san gurbi ba, inda ka wanke yanzu nan take so, kuma duk ruwan da ka aje mata na sha sai ta mai da shi taɓo cikin minti 5. Takalmina na Juma'a ma bai tsira ba.

Da suka yi wata 2 Inna ta zo zaɓe. Biyu sun yi ɓul-ɓul da manyan ƙafafu, ɗaya 'yar ƙarama. Ina ta addu'a a zuci, sai ko ta ɗauki ƙaramar. Na raka ta har ƙofa ina godiya, na dawo ina ce wa uwargida tsufa ya fara taɓa idon Inna.

Wata 7 ina zuba dusa ina leƙa akurki kullum da safe ina jiran ƙwai. Shiru. Sai da Hajiya ta zo duba jikoki ta kalle su sau ɗaya ta ce "To waɗannan toraye biyun wanne kake jira ya yi maka ƙwan?"

Ta Inna yanzu 'ya'yanta 12. Jiya ta aiko jikarta wai a ba ta aron toro ɗaya.